Baffanmu na Maraɗi

Babana mai facin taya ne. Rumfarsa tana bakin titin da ya fita daga Jibiya ya nufi Magama, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su haura Nijar. Sana'ar ta dace da shi ƙwarai, ba wai don ya fi kowa iya faci ba, sai don duk wanda ya kawo masa aiki ba shi da halin gudu. Motarka na kan jak, tayarka na hannun Baba, ina za ka? Dole ka zauna a benci ka saurara. Shi kuwa sai ya tsoma tub a bahon ruwa, yana juya shi a hankali kamar mai wankan jariri, ya gyara murya ya ce, "Wagga huda ta tuna mini wata rana, ni da yayana na Maraɗi." Shi ke nan, direba ya shiga uku. Mai saurin da ya ce a yi masa aiki kafin azahar, da shi za a yi sallar la'asar.

Yayan nan nasa shi muke kira Baffa na Maraɗi. Ban taɓa sa shi a ido ba, amma na san shi fiye da yadda na san wasu maƙwabtanmu. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga masallaci. Gidansa mai bene ne. Cinyar rago ɗaya ba ta isarsa karin kumallo. Sannan ga raƙuma. Ranar da Baba ya yi ciniki mai kyau raƙuman ba sa ƙirguwa, ranar da ya tashi da ciwon baya sai su ɗan ragu. Akwai labarin jandarman da ya tare Baffa a hanya ya ce ya kawo takardun raƙuminsa, Baffa ya ce ai ga mai su nan tsaye, ya tambaye shi da kansa. Jandarma ya matso da fushi, raƙumi ya miƙo wuya ya cire masa hula ya tauna. Na ji wannan labari ya fi a ƙirga, kuma kowane karo hular daban ce.

A kan Baffa na fara dambe a rayuwata. Muna firamare wata yarinya, ubanta yana da motar ɗaukar hatsi, ta kira ni ɗiyar mai faci a gaban kowa. Na ce da ita motar ubanta ko kashin raƙuman baffana ba za ta iya kwashewa ba. Ta ce ƙarya nake. Na cusa mata ƙasa a baki, na kuma ƙara da cewa akwai wata farar raƙuma da ya ware, tawa ce ni kaɗai. Da maganar ta kai gida na zaci zan sha duka. Baba ko taɓa ni bai yi ba. Washegari na kai masa abinci rumfa, na tarar yana gaya wa wani direba yadda farar raƙumar ɗiyarsa ba ta cin komai sai dabino. Tun daga ranar na daina tafiya a sunkuye. Ko an ce mini ɗiyar mai faci, ni a raina na san ɗiyar ƙanen mai raƙuma ce.

Da na yi wayo na gane Baba yana zuba gishiri, kuma ba da ɗan yatsa yake zubawa ba, da ludayi ne. Sai na yanke wa kaina cewa akwai dai wani bawan Allah a Maraɗi, mai yiwuwa da jaki ɗaya ko biyu, Baba ne ya ɗora masa bene. In mun tambayi abin da ya hana shi zuwa, sai a ce harkoki sun yi masa yawa. Kowace Sallah yana hanya. Inna kuwa ba ta taɓa sa baki ba. In Baba ya ɗauko zancen, sai ta ce "uhm", ta ci gaba da tankaɗenta.

Haka muka zauna lafiya da Baffa, yana can muna nan, har maganar aurena ta taso.

Ban yi aure da wuri ba. Na yi karatun koyarwa, na fara aiki a wata firamare, shekaru suka ɗan tura. Duk bikin da na je sai wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce, "Ke kuma yaushe za mu ci naki?" kamar a aljihuna na ɓoye mijin. Sai Allah ya kawo wanda yau shi ne baban yarana. A lokacin yana aiki a wani ɗakin shan magani a Mazanya, mutum mai sanyin hali, in yana magana sai ka matso. Ba zan yi wani kwana-kwana ba: ina son sa, so mai tsanani, kuma na riga na gaya wa kaina in ba shi ba, to a bar ni da allo da alli.

A wurinmu uba ba ya ba da ɗiyarsa da bakinsa, balle ɗiyar fari irina. Kunya ce. In masu nema sun zo, sai ya ce shi ba shi da iko, ya tura su wurin yayansa ko ƙanensa, can za a yi magana, can za a sa rana. Dangin mai neman nawa suka zo gaisuwa, jagoransu ƙanen mahaifinsa ne, wani dillalin shanu, gajere, ba ya son yawan magana. Irin mutanen nan ne da in suka kalle ka sai ka ji kamar za su buɗe bakinka su duba haƙora. Suka zauna a zaure, aka gaisa, suka faɗi abin da ya kawo su. Baba ya gyara zama, bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce da alfahari, "Ai ni ba ni da ta cewa. Ɗiya ta yayana ce na Maraɗi."

Dillali ya ce, "Madalla. Ai Maraɗi gida ce, kusan kowace kasuwa ina can. Wace unguwa yake?"

Ƙanena da ya kai musu ruwa ya ce tari ne ya sarƙe Baba a wurin, har sai da aka bubbuga masa baya. Da ya lafa, ya ce zai fara aikawa tukuna, don yayan nasa ba mutumin da ake faɗa wa gida haka kawai ba ne.

Ana cikin jiran aike aka rufe boda. Wanda ya zauna a Jibiya lokacin ya san abin da aka gani. Motoci suka tsaya cak, masu abinci suka kife tukwane, kasuwa ta mutu, kowa ka gani fuska a murtuke. Mutum ɗaya ne a garin nan fuskarsa ke sheƙi, shi ne babana, wanda ko taya ɗaya ba ya samu ya yi wa faci a wuni. Dillali ya zo, Baba ya tare shi da fara'a ya ce, "Ka ga ikon Allah ko? Ana shirin tafiya, ga abin da ya faru. Sai haƙuri."

Dillali ya ce, "Ai babura na bi ta daji. Jiya ma ta nan na dawo."

Baba ya dafe ƙirji. "Ta daji? Ni? In karya dokar gwamnati da furfurata?"

Jama'a, mutumin da rabin baburan da ke bin dajin nan shi ya liƙe musu taya! Dillali ya ce to a kira shi a waya mana. Baba ya ce yayansa ba ya riƙe waya, ƙararta tana firgita raƙuma. Dillali ya dube shi ya daɗe, ya ce Allah ya kyauta, ya sa takalmansa.

Ranar da aka buɗe boda gari ya ɗauka da murna, direbobi na ta danna oda, yara na bin motoci da gudu. Baba ya dawo gida tun hantsi ya kwanta, wai zazzaɓi. Bai tsira ba, don Dillali har bakin ɗaki ya zo dubiya, ya kuma tambayi ranar tafiya. Baba ya ce daga cikin bargo ai yanzu ya sami labari, yayan nasa ma ba shi da lafiya. Dillali ya ce, "Subhanallahi. Ashe tafiya ta zama dole. Mu je mu duba shi, maganar aure ta biyo baya." Baba ya ce an ɗauke shi an kai shi wani ƙauye wurin mai magani, kuma mai maganin ya hana a gan shi. Wane ƙauye? Can ciki. Ciki ina? Arewa.

Abin da Baba bai sani ba, Dillali ya riga ya yi nasa binciken. Ya bi masu raƙuma na Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, ya bi mahauta, ya bi masu sayar da igiya, babu wanda ya san wani dogo mai bene da ƙane a Jibiya. Magana ta fara yawo. Wata ranar Juma'a da yamma mai neman nawa ya zo, ya zauna yana ta murza hularsa, da ƙyar ya iya faɗa mini. Danginsa sun ce akwai abin da gidanmu ke ɓoyewa. Wasu sun ce hauka ce a dangi, an ɗaure mutumin a turu. Wasu sun ce yana gidan yari. Sun ba shi zuwa azumi, in ba a ga waliyyi ba, ya nemi wata, ga ɗiyar gwaggonsa nan ma a zaune.

Ɗiyar gwaggonsa! Wallahi ji na yi kamar an watsa mini barkono a ido. Na shiga gida na sauke wa Inna kwandon masifa, ta ce ita ba ruwanta, in je in sami mai yayan. Ɗiyar fari ba ta tsayawa gaban uba ta yi zancen aurenta, amma ranar na ajiye kunya a gida na tafi rumfa. Na durƙusa a gefen bahon ruwan na ce, "Baba, don girman Allah. Ko jaki ɗaya gare shi, ko a bukka yake kwana, ko bara yake yi, ni ban damu ba. A kai su su gan shi. In azumi ya zo ba a je ba, na rasa mutumin nan, kuma ba zan yafe wa raƙuman nan ba."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya ɗauko wani labarin. Ko ɗaya bai yi ba. Yana ta juya tub a cikin ruwa, tub ɗin da ko kumfa ɗaya ba ya fitarwa. Na gaji da durƙuso na tashi na tafi, ina kuka ina ƙunƙuni har gida.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya dawo daga sallar asuba ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana ya rasu." Inna ta ɗago kai daga murhu ta ce wa ya kawo labari? Ya ce wani direba. Wane direba? Ya wuce Legas. Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne, to yanzu hanya ta buɗe, tunda babu yaya sai a nemi wani ya tsaya. Na tabbata shi ma Baba lissafin da ya yi ke nan. Sai dai ya manta da mutanen Jibiya.

Kafin rana ta ɗaga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu har sun tare hanya. Duk wanda ya taɓa zama a bencin nan yana jiran taya ya ɗauka shi ma an yi masa mutuwa. Direbobi suka ajiye motoci suka zo. Masu shayi suka zo, 'yan canji suka zo, har wani ma'aikacin kwastan da ya yi ritaya ya zo da sandarsa. Ana ta cewa an yi rashin mutumin kirki, za a daɗe ba a sami mai kyauta irinsa ba. Wani direba ya rantse da Allah ya taɓa cin tuwo a gidan marigayin, a saman benen ma, ya ce miyar har yau tana bakinsa. Baba ya juya ya dube shi da mamaki, har ya buɗe baki kamar zai tambaye shi wani abu, sai ya fasa. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Ina leƙe ta kafar ƙyaure, na ga hawaye na bin gemun Baba, kafaɗunsa na rawa. Na san kukan Baba na labari, wanda yake yi in labari ya kai wurin da wani raƙumin Baffa ya mutu a sahara. Wannan ba shi ba ne, kuma abin ya ɗaure mini kai.

A wurin zaman makokin ne wani maƙwabcinmu ya ce ai bai kamata a tsaya nan ba. Mutum kamar wannan ya rasu, ga iyali ya bari, a ce mutanen Jibiya ba su taka sun yi musu gaisuwa ba? Abin kunya ne. Kowa ya ce gaskiya ne. Baba ya ce a'a, kada a wahalar da jama'a, ya yafe. Aka ce ai ba don shi za a je ba, don marayu ne. Nan take aka yi karo-karo aka kama bas. Mata suka ce su ma ba za a bar su ba, akwai matan marigayi da za a yi wa ta'aziyya. Dillali, wanda tun safe yake zaune a gefe, ya ce a ajiye masa kujerar gaba. "Hanya na san ta," in ji shi. "Kai dai ka nuna mana ƙofar gidan."

Da safe bas ta tsaya a ƙofar gida. An ɗaure buhun gero a sama, mata sun shiga da kwanonin dambu da ƙullin goro, direban da ya ci tuwo a bene yana ta ba mutane labarin yadda matakalar take. Aka danna oda, aka sake dannawa. Baba ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya a bakin zaure yana kallon motar. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya yafito liman da Dillali, ya ce su shigo yana da magana.

Ni da Inna muka manne a bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida. Ta riƙe tire a hannu don in an kama mu ta ce kofuna ta zo ɗauka. Abin da ya faɗa, da izininsa nake rubuta shi yau. Ban taɓa jin Baba ya ba da labari gajere haka ba, babu gyaran murya, babu kwaikwayon kowa.

Ya ce, "Malam, ni ban san garinmu ba. Wata shekarar yunwa ce, ina ƙarami, ko famfara ban yi ba. Abin da nake tunawa, muna tafiya a ƙasa ni da yayana, mu biyu kaɗai. Shi ma yaro ne, da kaɗan ya fi ni. Muka iso wata tasha, ya yi ta roƙon wani yaron mota, aka ce mutum ɗaya za a ɗauka. Ya ɗaga ni ya ɗora kan buhuna, ya ce in tafi, zai biyo ni a mota ta gaba. A nan Jibiya aka sauke ni. Wani tsoho mai faci ya tsince ni ya riƙe ni. Maraɗi kuwa, sunan da na ji ana faɗa a cikin motar ne, ban san ko can muka fito ba."

Bas na ta oda a waje.

"Shi ya sa ban taɓa matsar da rumfata daga bakin titin nan ba. Duk motar da ta fito arewa ta gabana take wucewa. Ina ba direbobi labarinsa ko wani zai ce ya san shi. Da fari gaskiya nake faɗa, in an ce ɗan wa ne kai, in ce ina da yaya, yana zuwa. To da na girma na fara cin abinci ina ƙoshi, sai in tuna yadda na bar shi, ko takalmi babu a ƙafarsa. Na ga ba zan iya barinsa haka ba. Sai na ba shi raƙumi ɗaya." Ya ja hanci. "Daga nan suka yi ta haihuwa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Duk fushin da na tara na neme shi na rasa, sai tausayi da ya cika mini ƙirji har ina jin zafinsa.

Liman ya ce addu'ar da aka yi ba ta faɗi ƙasa ba, in yana raye za ta same shi, in ya riga mu gidan gaskiya za ta same shi. Ya ce batun aure kuma, a shari'a uba shi ne waliyyi, turawa wurin ɗan'uwa kara ce kawai ta mutanenmu. Saura Dillali. Na kasa kunne, don maganarsa ita ce aurena. Ya juya ya fuskanci Baba. Can ya ce, "Mu asali muka zo tambaya, mun kuwa ji. Ba hauka, ba sata. Ɗiya taka ce. Ka ba mu ko ba ka ba mu ba?"

Baba ya ɗago kai. Ya ce, "Na ba ku."

Dillali ya tashi ya fita wurin bas. Muna jiyo shi yana gaya wa jama'a cewa yanzun nan aka aiko, iyalan marigayi sun tashi sun yi arewa da dabbobi, ko an je ba za a tarar da kowa ba. Bai iya ƙarya ba ko kaɗan, sai in'ina yake yi. Wani ya ce duka raƙuman suka kora? Ya ce, "Duka. Ai suna da yawa." Aka sauko da dambu aka ci a ƙofar gida, direban nan yana cewa dama ya san za a yi haka, don babban ɗan marigayin ba ya son zaman gari.

Na juya na dubi Inna. Har yanzu tiren na hannunta, ta ƙanƙame shi a ƙirji, hawaye na ɗiga a kai. Na ce, "Inna, dama kin sani?"

Ta goge ido da bakin zane. Ta ce, "Tun ina amarya na san babu raƙuma. Ban dai san akwai yayan ba."